Usta Radi, Mai Bin Sawun Katako

Idan aka sallame sallar asuba a masallacin unguwarmu, kowa yakan kama gabansa. Masunta su gangara wajen jirage, masu shaguna su koma su ɗan ƙara barci. Usta Radi kaɗai ke bin bakin ruwa ya yi kudu, hannuwa a baya, kai a sunkuye kamar wanda ya yar da wani abu. Duk guntun katakon da teku ya tofo sai ya juya shi da ƙafa. Idan ya yi masa, ya ɗauka, ya kankare gefe da 'yar wuƙarsa, ya jiƙa wurin da yawu, ya kai hanci. Daga nan ya san ko na jirgi ne, ko na akwatin tumatir, ko kuwa ɗan asali ne da ya taso tun daga Indiya. Sai ya hau wajen Nubi mai shayi da abin da ya samu a hammata, ya sha kofi ɗaya ba sukari saboda likita ya hana, ya kuma ci dabino uku saboda likita bai ambaci dabino ba.

Ƙarfe bakwai yake buɗe shago. Kafin ya taɓa aikin kowa sai ya fito da kayan aikinsa ɗaya bayan ɗaya, zarto, gizago, kurfi manya da ƙanana, ya goge su da tsumma mai maiƙo, domin iskar garinmu Kusair ba ta barin ƙarfe ya zauna lafiya. Shekara hamsin da ɗaya ke nan yana haka. Ranar Alhamis da ta wuce ya goge su, ya naɗe a cikin tsumman, bai mayar da su kan tebur ba. Hannunsa na dama ya fara rawa tun bara, bana kuwa ya daina jin magana. Ya ce wa Nubi, "Katako bai yi mini laifi ba, ba zan tsaya ina ji masa ciwo ba." Shi ke nan. Ba taro, ba jawabi. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, ko da yake ni mutumin ƙugiya da raga ne.

Sunansa Abdurradi, amma ban taɓa jin wanda ya kira shi da sunan duka ba. Usta kuwa laƙabi ne da muke yi wa gwanin sana'a. A garin da ba ya da itace ya yi rayuwarsa ta kafinta. Gabanmu ruwan gishiri, bayanmu duwatsu, don haka katako ba ya mutuwa a nan. Jirgi ya tsufa ya zama rufin ɗaki, rufi ya faɗi ya zama ƙofa, ƙofa ta zama benci, benci ya ƙare a akurkin kaji. Kowa ya san haka. Usta Radi ne kaɗai ya iya bin hanyar ta baya, ya dubi akurki ya gaya maka jirgin da ya fito.

Nubi ya ba ni labarin ƙofar gidan wani tsohon attajirin hatsi, wadda magada suka yi niyyar cirewa su sa ta ƙarfe. Usta ya roƙi a ba shi kwana uku. Ya zauna a rana yana kankare fenti, launi bayan launi har tara, sai ga reshen inabi ya fito da 'ya'yansa tun daga sama har ƙasa. Babban magajin ya tsaya yana kallo, ya ce shi a nan aka haife shi, bai taɓa sanin ƙofar tasu tana da fuska ba. Har yau tana nan. Kuma kowa ya shaida cewa ranar da dillalan tsofaffin kaya suka shigo gari daga Alƙahira, ranar ce ciwon baya ke kama Usta, shago ya wuni a rufe.

Amma aikin da na gani da idona shi ne na gidanmu.

Kakata, Sitti Wahiba, shekarunta tamanin da biyu, kuma a gidan ubanta Rayis Hamdun, shugaban jirgin ruwa, take zaune, nan bakin ruwa. A ɗakin sama, bangon da ke kallon teku toshe yake da duwatsu, sai wata 'yar kafa da kyanwa ma sai ta matse. A da mashrabiyya ce a wurin, taga irin ta da, wadda take fitowa waje kamar ƙaramin ɗaki na saƙaƙƙen katako, mutum ya zauna a ciki ya ga teku ba a gan shi ba. Tana shekara tara ubanta ya tafi da jirgin alkama zuwa Yanbu, can ƙetaren teku, bai dawo ba. Da labarin ya tabbata aka tura ta garin Kena wajen 'yar uwar uwarta. Bayan wata shida ta dawo ta tarar babu taga, sai bango. Uwarta, Bahiyya, ba ta taɓa ce mata uffan a kai ba har ta rasu. Tun ina yaro nake jin Sitti tana cewa, "Uwata ta toshe teku. Ko shekara bai yi ba ta toshe shi." Ba da ihu take faɗa ba. Irin faɗar da mutum ke yi yana tsince shinkafa.

Bara likita ya duba idanunta ya ce hasken da ya rage mata da ƙyar zai kai shekara. Muka dawo da ita a mota. Sai da muka shiga gida ta cire takalmi sannan ta ce, "Ina son tagar ubana."

Baffana Zaglul ya ce, "To Umma, abu mai sauƙi. A fasa bangon, in sa miki ta alminiyo mai gilashi. Kwana biyu an gama."

"Kai ka zauna a cikinta," in ji ta. "Ni ba kifin ado ba ce da za a saka a gilashi. Ku kira mini ɗan Sakina."

Haka take kiran Usta, da sunan uwarsa, domin ta girme shi da shekara goma sha biyu, kuma ta ce ta taɓa goya shi. Da ya zo ta dube shi sama da ƙasa.

"Ɗan Sakina, har yanzu kana nan kana shinshinar itace kamar akuya?"

"Ina nan, Hajja. Akuyar ce dai ta tsufa."

"Za ka iya mayar mini da abin da ba ka taɓa gani ba?"

"Ke kin gani ai. Faɗa mini."

Babu hoto, babu zane. Abu biyu kawai ta riƙe. Na ɗaya, da hantsi haske yakan shigo ta saƙar ya zuba a ƙasa kamar ɓawon kifi. Na biyu, allon tsakiya, wanda ake ɗora hannu a kai idan an zauna, yana da tauraro mai tsini takwas da ganyen inabi kewaye da shi.

Kwana uku Usta ya yi yana kallon bangon nan. Ya ƙwanƙwasa nan, ya kasa kunne can. Sannan ya fara ɓamɓare farar ƙasa a hankali, sai ga ramukan da ginshiƙai suka zauna, sai ga gurbin ƙusoshi a jere. Ya ƙirga, ya auna da igiya, ya ce yanki goma sha huɗu ne. A cikin wani rami ya zaro guntun katako da ya karye ya maƙale tun wancan zamani. Ya kankare, ya shinshina, ya juya bayansa, sai ga wata alama, jinjirin wata da layi uku.

Ya sauko ya zauna gaban Sitti. "Hajja, wanda ya yi tagar nan ya sa wa kowane yanki alama a baya don ya san mazauninsa. Katakon Indiya ne, ba ya ruɓewa. A garin nan kuma babu mahaukacin da zai ƙona shi. Tagarki ba ta ɓace ba. Watsewa ta yi cikin unguwa."

Baffana ya ce to sai a yi shela a masallaci. Usta ya girgiza kai. "Idan ka tambayi mutum ko katakon gidan wani yana gidansa, ka kira shi ɓarawo ke nan, ko ka kira uwarsa. Ranar da aka yi shelar nan, ranar kowa zai sa wa abinsa fenti."

Sai ya bi tasa hanyar. Ya rataya jakar kayan aiki ya shiga gida gida, wai yana duba ƙofofin da gishiri ya ci. Ya gyara wannan, ya ɗaure wancan, a kawo masa shayi, shi kuwa idonsa na ƙarƙashin benci da bayan randa. A gidan Umm Sabir maƙwabciyarmu ya durƙusa gaban akurki har kaji suka tsorata.

Ta ce, "Usta, ƙofar ɗaki na ce ka duba. Ko ƙwai kake nema?"

"Ƙofar akurkin nan taki ta fi ta ɗakin daraja, Umm Sabir."

"Ta uwata ce. Tun ina yarinya take nan. Kada ka ce za ka raba kajina da gadonsu."

"Zan yi musu sabuwa mai sakata. Kyanwar nan da ke cinye miki 'yan tsaki, sai dai ta koyi kafinta."

Ta rage murya. "Na gidan Wahiba ne, ko?"

"Ni ban ce ba."

"Ɗauka. Amma sakatar ta zama ta tagulla."

Wannan ita ce ƙa'idarsa: ba ya raba katako da aikin da yake yi sai ya samo masa magaji. Ya samu yanki biyu a jirgin wani tsohon masunci, an yi mazauni da su, sai da ya yi wa jirgin sabon mazauni sannan ya cire. Ya samu ɗaya a wajen mai gidan burodi, ana jera gurasa a kai. Wani yana tokare da rufin bayan gida, bai ce wa kowa a gidan wa ba. A wata biyar ya tara tara. Sauran ya ce ba damuwa, domin dama da hagu tagwaye ne, wanda ya ɓace a wannan gefe sai a kwaikwayi ɗan'uwansa na wancan. Allon tsakiya ne kawai ba shi da ɗan'uwa, kuma shi ne bai fito ba.

A cikin watannin nan idanun Sitti suna ta ja baya. Ta daina gane fuska. Ni da ƙarnin kifi take gane ni, Baffana kuma da tari. Kullum da hantsi sai ta tambaya, "Ɗan Sakina ya zo?" Idan aka ce bai zo ba ta ce, "To," ta juya fuskarta wajen da ƙarar ruwa ke fitowa.

Usta ya ga lokaci na tafiya, sai ya sassaƙa tauraro a kan katako mai araha ya kawo mata. Ta shafa ta ce, "Kyakkyawa ne. Ba shi ba ne." Ya sake wani. Ta shafa, ta ajiye a cinya.

"Kada ka wahalar da kanka. Nawa yana da tsaga a gefen ƙasa. Ranar da ubana zai tafi ya bar mini 'yar wuƙarsa, ya ce in riƙa yin tsaga ɗaya kullum, kafin in kai ashirin ya dawo. Na yi talatin da uku, sannan aka zo da labari."

Usta ya miƙe. Ya kwashe katakonsa ya tafi.

Bayan mako biyu wani dattijo ya rasu a unguwa. Usta yana cikin masu ciro mamaci daga makara a bakin kabari, aikin da ya daɗe yana yi. Da ya zura hannu ta wajen kai, bayan yatsunsa ya gogi allon makarar ta ciki, ya ji wasu 'yan tsagogi a jere a ƙarƙashin fenti. Sau uku ya taɓa gyara ƙafafun makarar nan a rayuwarsa, bai taɓa leƙa cikinta ba, don babu mai son leƙawa. Ya haɗiye maganar har aka gama kwana uku na zaman makoki. Sannan ya je wajen Shaihu Dardiri, ladaninmu, wanda makullin ɗakin makara ke hannunsa. Suka fito da ita haske. Usta ya kankare koren fenti kaɗan kaɗan, sai ga tsinin tauraro. An juya fuskar allon ciki, yana kallon kan mamaci.

Shaihu ya ce, "Ni gadonta na yi daga wanda ya riga ni. Abin da ya gaya mini kawai, wata mata ce ta ba da katakon sadaka, ta ce mijinta bai samu makara ba, to sauran mutane su samu."

Usta ya ce shi ba zai zare ko ƙusa ɗaya daga kayan masallaci ba sai mai abin ta taɓa ta tabbatar. Sitti kuwa gwiwoyinta ba za su kai ta masallaci ba. Shaihu, mutumin kirki da ba ya dogon tunani, ya ce, "Ai sai ku ɗauka ku kai mata. Ku dawo da ita kafin azahar."

Aka kira ni da Baffana. Mu huɗu muna tsaye, babu wanda ya ga abin da ke zuwa. Ni na kama gaba, Baffana ya kama baya, Usta na gabanmu da kansa a sunkuye kamar kullum, Shaihu na biye yana jan carbi. Ɗa da jika ɗauke da makara, sun nufi gidan tsohuwa mai shekara tamanin da biyu.

Nubi ne ya fara gani. Ya sauke buta daga wuta, ya ja ƙofar shago, ya biyo mu. Mai burodi ya biyo. Masu gyaran raga suka ajiye allura. Kafin mu kai kwanar gida mun fi mutum arba'in, kowa na sa kafaɗa ya karɓe mu taki kaɗan yadda aka saba. Wani ya rungume Baffana yana cewa Allah ya ba da haƙuri, uwa ce ta kowa. Baffana na haki yana cewa, "Ba haka ba ne, ku tsaya," suna ce masa, "Haka ne, Zaglul, kowa sai ya ɗanɗana." Umm Sabir ta hango daga kan soro, ta ɗora hannu a ka, mata suka amsa mata daga gida uku.

Sitti na zaune a zaure a kan bencinta, an ajiye mata shayi. Ta kasa kunne.

"Wa ya mutu?"

Nubi ne ya iya buɗe baki. "Wai ke, Hajja."

"To, ba a gaya mini ba. Sai ku jira in sha shayina."

Dariyar da aka yi a ƙofar gidanmu ranar nan, har wasu suka zauna a ƙasa. Umm Sabir ta shigo tana share hawaye tana zagin Usta, wai ya sa ta ɓarnatar da kuka mai kyau a banza. Amma babu wanda ya tafi. Aka shigo da makarar zaure, aka ajiye gaban Sitti. Usta ya durƙusa ya kama hannunta ya zura ta ciki.

Yatsunta suka bi tauraron, tsini bayan tsini. Suka bi ganyen. Sannan suka sauka gefen ƙasa, leɓɓanta suka fara motsi. Ta ƙirga har talatin da uku, tsagogi karkatattu, aikin hannun yarinya. Sai yatsanta ya ci gaba, ya tsaya, ya koma baya, ya sake ci gaba.

"Waɗannan ba nawa ba ne."

Daga inda nata suka ƙare wasu sun ɗora, ƙanana, a miƙe, kusa da kusa. Sun cika gefen ƙasa, sun hau gefen dama, sun bi ta sama.

"Nawa ne, ɗan Sakina? Na san ka ƙirga."

"Ɗari da talatin, Hajja."

Mazan ba su gane nan da nan ba. Umm Sabir ce ta faɗa a hankali, "Wata huɗu da kwana goma. Takaba."

Shaihu ya maimaita abin da aka gaya masa game da matar da mijinta bai samu makara ba. Sitti ba ta cire hannunta ba. Ta daɗe.

"Ashe zama ta yi," in ji ta. "Ni ina Kena ina cewa ta manta, ita tana nan zaune a tagar, da wuƙar da na bari." "Shekara saba'in da uku ina faɗa mata magana."

Dattawan da ke wurin suka yi shawara a tsaye, Shaihu ya ce a cire allon a ba ta, a yi wa makara wani. Usta ya ce aikin kwana biyu ne. Na ɗauka za ta ce to. Wata shida take jiran allon nan, hasken idonta kuma saura kaɗan.

Ta ce, "A'a. Ita ta ba da, ni ba zan karɓe ba. Duk wanda ya tafi a unguwar nan a ƙarƙashin tauraron nan ya tafi. Ita ma a ciki aka ɗauke ta, ina ɗaki ina kuka ban sani ba." Ta zare hannunta ta goge a zane. "Ku mayar. Ranar da nake buƙatarsa za a kawo mini har gida, kun ma riga kun koyi hanya."

Kafin a ɗaga makarar Usta ya sa Umm Sabir ta kwaɓa masa gari da gishiri, ya danna kwaɓin a kan tauraron ya ɗauki siffarsa, ya shanya a rana. Aka mayar da ita masallaci ta bayan gida, an lulluɓe da tabarma.

Usta, abin da ya biyo baya ba ka so a faɗa, amma zan faɗa. Kai ne ka jawo katakon Indiyan nan daga ƙarƙashin gadonka, wanda ka tsinta a bakin ruwa shekara talatin da suka wuce, ka hana kowa, har surukinka da ya so ya yi akwatin aure da shi. Kai ne kake ɗaure tsintsiyar hannunka da tsumma don ta rage rawa, kana aiki daga fitowar rana zuwa hantsi kawai, lokacin da hannun ke ɗan saurara maka. Nubi ya gan ka ka ajiye kurfi ka riƙe hannun dama da na hagu kana yi masa magana kamar jaki mai gardama, kana cewa, "Wannan kaɗai, sannan ka huta." Kwana ashirin da shida ka yi a kan tauraro ɗaya, aikin da a da kake gamawa a mako. Ba ka bari kowa ya taya ka ba. Mai jin muryar katako, mai haƙuri da abin da mutane suka yar, ka san shi ne na ƙarshe tun kafin mu sani.

Aka fasa bangon, aka kwashe duwatsun da Bahiyya ta sa aka jera. Yanki tara tsofaffi, biyar sababbi, kowanne ya koma ramin da alamarsa ta nuna. Ranar da aka gama muka ɗauki Sitti a kujera muka hau da ita da hantsi, muka zaunar da ita a cikin tagar.

Ba ta ga tekun ba. Shekarar da likita ya faɗa ba ta cika ba, amma hasken ya riga ya tafi, sai bambancin fari da baƙi. Na ga Usta ya gane haka, ya koma bakin ƙofa ya tsaya. Ya ce, "Na yi jinkiri, Hajja."

"Yi mini shiru," in ji ta.

Rana ta taso daga kan ruwa ta bi ta saƙar, ta zuba a ƙasa, a bango, a kan cinyarta. Ta sunkuyar da kai ta buɗe tafin hannu.

"Ga su nan."

Na ce, "Me, Sitti?"

"Ɓawon kifin. Ina ganinsu." Ta juya hannun a hankali. "A nan take zama, ni a nan, ƙafafuna ba sa kaiwa ƙasa."

Can ta ɗora hannu a kan sabon allon, ta bi tauraron, ta gyaɗa kai. Da ta sauka gefen ƙasa ta ji shi sumul.

"Ka manta tsagogin, ɗan Sakina."

"Ban manta ba, Hajja. Wannan ba aikin kafinta ba ne. Na mai jira ne."

Watan jiya jirginmu ya yi kudu, kwana huɗu muka yi a ruwa. Da na dawo na hau gaishe ta, sai na ga tsagogi huɗu a gefen sabon allon, da wuƙar yankan albasa a kusa da ita. Abin ya dame ni, don na san abin da allon nan ya ci na hannun Usta. Na je na gaya masa. Ya taso ya hau matakalar nan a hankali, yana hutawa. Ya shafa tsagogin, ya ƙirga.

Sitti ta ce, "Idan faɗa ka zo yi, ka yi ka gama."

"Faɗa na zo yi. Wuƙar albasa, Hajja? A kan katakon Indiya?" Ya sake shafawa. "Amma hannunki ya fi nawa tsayawa."

Ranar Alhamis da ya naɗe kayan aikinsa, abu ɗaya bai shiga tsumman ba. 'Yar wuƙar nan da yake yawo da ita a bakin ruwa, ya wasa ta, ya biyo ta gidanmu ya ajiye a kan allon kusa da hannunta.

Usta Radi, mun gode. Ka mayar wa gidanmu taga, ka mayar wa tsohuwa uwarta tun tana da ran da za ta nemi gafararta. Allah ya sanyaya maka hannun nan, ya ba ka tsawon kwana a bakin ruwan da kake so.

Ku kuma 'yan garinmu, musamman mu matasa masu hanzarin kiran mai alminiyo, kafin ku ɓamɓare tsohon katako ku jefar ko ku miƙa wa dillali, ku juya bayansa ku duba, ku shafa gefensa da yatsa. Wanda hannunsa ke da ƙarfi kuma zuciyarsa ke da haƙuri ya je ya zauna kusa da Usta tun yana nan. Ba shi da wuyar samu. Bayan asuba yana wajen Nubi, kuma ba ya ƙin dabino.

Gobe jirginmu zai sake fita, kwana biyar in Allah ya so. Na san inda za a ƙirga su.